Sabis Cike, Intanet na Jan Ƙafa: Yadda Rautocin Maƙwabta ke Rabon Lokaci a Iska

Me ya sa mutum zai sayi data mai yawa, ya sayi sabuwar rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi), alamar Wi-Fi ta cika maƙil a fuskar wayarsa, amma kiran bidiyo ya riƙa tsinkewa, saƙon murya ya yi ta juyi ya ƙi tafiya? Me ya sa kuma abin ya fi tsananta da rana tsaka a filazar kasuwa, ko bayan isha'i a gidan haya mai ɗakuna da yawa, sannan da asuba komai ya koma daidai?

Yawanci kamfanin layi ake ɗora wa laifi, kuma sau da yawa laifin nasa ne. Amma akwai wani cunkoso da ke faruwa a 'yar tazarar da ke tsakanin wayarka da rautar da ke maƙale a bangon shagonka, wanda ba ruwansa da MTN ko Airtel ko Starlink. Maganar ta sake tasowa ne saboda labarin Wi-Fi 8. A watan Oktoba na 2025 kamfanin TP-Link ya sanar da cewa ya gwada samfurinsa na farko, Broadcom kuma ya sanar da ƙwaƙwalwar na'ura da ya ƙera domin sabon tsarin. Jama'a da dama sun ɗauka wani ƙarin gudu ne kamar yadda aka saba ji duk bayan 'yan shekaru. Wannan karon ba gudu aka sa a gaba ba. Babban abin da ake son cimmawa shi ne rautocin da ke maƙwabtaka su daina kokawa da juna, su fara tsara wanda zai yi magana da lokacin da zai yi.

Abin da ake rabawa lokaci ne

Wi-Fi rediyo ne. Rauta tana watsawa a kan wata tasha, wayarka tana kama ta, ita ma tana mayar da amsa a kan tashar nan ɗaya. Idan na'urori biyu da ke jin juna suka watsa lokaci guda a tasha ɗaya, saƙonnin sukan cakuɗe, dole a sake turowa. Saboda haka, a duk iyakar inda sigina ke kaiwa, na'ura ɗaya ce tak ke magana a lokaci guda.

Nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Rautarka taka ce, kai ka sa mata suna da kalmar sirri, maƙwabcinka ba zai taɓa datarka ba. Amma iskar ba taka ba ce. Idan rautar shagon da ke kusa da kai tana kan tashar da taka take, to sakan ɗayan nan kuke rabawa, kai da shi da duk wayoyin da ke jone da ku. Alamar da ta cika a wayarka ƙarfin muryar rauta kawai take nuna maka. Ba ta gaya maka ko rautar tana samun damar buɗe baki.

Tashoshin kuma ba su da yawa. A zangon 2.4 GHz, wanda tsofaffin wayoyi da ƙananan MiFi da kyamarorin tsaro masu araha suka fi amfani da shi, za ka ga lambobi daga 1 zuwa 13, amma tazarar MHz 5 ce kawai tsakanin kowace lamba da mai bi mata, alhali kowace watsawa tana cin faɗin MHz 20 ko fiye. Shi ya sa masu sana'ar suka tsaya a kan uku da ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Ka tsaya a barandar bene a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ka buɗe jerin Wi-Fi a wayarka. Sai ka yi ta jan allo sunaye ba su ƙare ba: na shago, na mai gyara, na wayar wani yaro da ya kunna hotspot ya manta da shi a aljihu. Duk waɗanda ke 2.4 GHz a cikin wannan faɗi mai ɗaukar tashoshi uku suke cushe.

Ƙa'idar sauraro kafin magana

Asalin dabarar ya faro ne daga Jami'ar Hawaii ta Amurka, inda Norman Abramson da abokan aikinsa suka kafa tsarin ALOHA a 1971 domin haɗa kwamfutocin tsibirai ta rediyo. Tsarinsu mai sauƙi ne: duk mai saƙo ya tura, in an yi karo ya jira ya sake. Lissafi ya nuna cewa da wannan hanya kusan kashi 18 cikin 100 na lokacin ne kawai ke amfanuwa ko da abin ya kai matuƙarsa. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna, ciki har da 2.4 GHz, kowa ya yi amfani da su ba tare da lasisi ba. Da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, mai gudun megabit 2 a sakan, sai ta gina ta a kan gyararren salon wancan tunani, wanda ake kira CSMA/CA.

Ka ɗauki tashar kamar zauren da mutane ke hira babu shugaban zama. Mai son magana yakan kasa kunne. In wani na magana, ya yi shiru. In wurin ya yi tsit, ba ya faɗawa kai tsaye, domin wasu ma jiran wannan shirun suke. Sai kowa ya zaɓi lamba a ransa, tsakanin 0 da 15, ya fara ƙirgawa ƙasa, kowace ƙirga tana ɗaukar kashi 9 cikin miliyan na sakan ɗaya. Wanda lambarsa ta riga ƙarewa shi ne mai magana. In biyu suka zaɓi lamba ɗaya suka yi karo, sai a faɗaɗa musu filin zaɓin zuwa 31, in an sake zuwa 63, har ya kai 1023.

Wannan tsari ya cancanci yabo. Shi ya sa rautar da aka ƙera a Sin da wayar da aka ƙera a Koriya suke zama lafiya a ɗaki ɗaya ba tare da wata hukuma ta raba musu lokaci ba, shi ya sa kuma Wi-Fi ya yi arha har ya iso hannun talaka. Amma ƙuri'a ce. Ba ta san cewa kai kiran bidiyo kake yi da mahaifiyarka, wanda jinkirin rubu'in sakan ke ɓatawa, maƙwabcinka kuma babban fayil yake saukewa wanda ko ya ƙara minti ɗaya ba abin da zai rasa ba. An ɗan sa fifikon murya da bidiyo a gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 2005, amma rautar maƙwabci ba ta san me ke jira a layin taka ba. Idan masu jefa ƙuri'a suka yawaita, karo ya yawaita, jira ya tsawaita, kuma ba wanda zai iya ce maka ga lokacin da za a zo kanka.

Inda lokacin ke zurarewa

Tun kafin kowa ya tura ko harafi ɗaya, an riga an ci wani kaso. Kowace rauta tana shelar sunanta kusan sau goma a sakan, wato duk bayan milisakan 102.4 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan), kuma tana yin shelar ne da mafi ƙanƙantar gudu domin na nesa ma ya ji. A rautoci da yawa masu saitin masana'anta, wannan gudun a 2.4 GHz megabit 1 ne. Idan shelar ta kai bayit 300, tana cin kimanin milisakan biyu da rabi, wato kusan kashi biyu da rabi cikin 100 na lokacin tashar. Rautoci goma a tasha ɗaya sun cinye rubu'in lokacin a kan faɗin sunayensu kawai. Rautar da aka bari a kunne a shagon da mai shi ya tafi masallaci ita ma tana cin rabonta.

Sai kuma mai jan ƙafa. Wayar da ke nesa, ko bayan bangon bulo biyu, tana sauka zuwa ƙaramin gudu domin saƙonta ya isa lafiya. Ƙunshin bayanai mai bayit 1,500 yana ɗaukar milisakan 2 a gudun megabit 6, alhali a gudun megabit 300 kashi ɗaya cikin hamsin na wannan lokacin ya ishe shi. Tunda ƙuri'ar dama take rabawa, ba tsawon magana ba, wayar nan guda ɗaya tana iya riƙe kowa. Wasu masu bincike a birnin Grenoble na Faransa sun bayyana wannan matsala tun 2003, kuma har yau ba ta gushe ba, duk da cewa rautocin zamani suna ƙoƙarin daidaita ta tsakanin wayoyin da ke ƙarƙashinsu. A kan wayoyin maƙwabci kuwa ba su da iko.

Akwai kuma matsalar waɗanda ba sa jin juna. Rautoci biyu, ɗaya a wannan ƙarshen baranda, ɗaya a wancan, kowacce tana ganin iska a sake take domin ba ta jin 'yar'uwarta, sai su watsa tare, wayar da ke tsakiya ta sha hayaniya. Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi yawa a wurare masu cunkoso: rauta takan yi shiru saboda ta jiyo muryar wata daga can nesa, alhali da ta yi magana da wayar da ke gabanta babu wanda za ta dama. Ƙa'ida ta ce ta ja baya in ta jiyo wata siginar Wi-Fi mai ƙarfin -82 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan), wanda ya yi ƙasa sau ɗari da ƙarfin -62 dBm da ake buƙata kafin ta ja baya ga hayaniyar da ba ta Wi-Fi ba.

Abin da ke damuna shi ne maganin da mutane ke nema idan abin ya dame su. Sai a je a sayo rauta mai dogayen eriya, a ƙure ƙarfinta, ko a ƙara na'urar ƙara nisa. Mai ƙure ƙarfi yana tilasta wa rautoci masu nisa su yi shiru dominsa, su ma masu su su ƙure nasu, a ƙarshe kowa na jin kowa, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Na'urar ƙara nisa mai rediyo ɗaya kuwa maimaita kowane saƙo take yi a kan tashar, wato lokacin da take ci ninki biyu ne.

Abin da aka gwada a baya

An fara da ƙarin fili. Zangon 5 GHz yana da tashoshi da yawa, kuma bango yana rage masa ƙarfi sosai, wanda alheri ne ga mai maƙwabta. A watan Afrilu na 2020 Amurka ta buɗe MHz 1,200 a zangon 6 GHz. A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta bayyana a 2024 shirinta na ware ɓangaren ƙasa na wannan zango, MHz 500, domin Wi-Fi. Sai dai duk lokacin da aka samu fili, sai a faɗaɗa tashoshi domin gudun da za a rubuta a jikin kwali. Wi-Fi 7, wanda aka fara tantance na'urorinsa a Janairun 2024, ya zo da tasha mai faɗin MHz 320. A cikin MHz 500 irinta ɗaya ce tak za ta shiga.

Wi-Fi 6 ya kawo dabarar launi: kowace rauta tana ɗaukar lamba daga 1 zuwa 63 tana liƙa wa saƙonninta, domin in ta jiyo raunanniyar murya mai wani launi dabam ta iya yin biris da ita ta watsa nata, da sharaɗin ta rage ƙarfi. Amma kowacce ita kaɗai take yanke hukunci, ba ta tambayi maƙwabciya ko an cutar da ita ba. Manyan otal-otal da jami'o'i da bankuna kuma sun daɗe suna sa na'ura mai kula da rautocinsu duka, tana raba musu tashoshi da ƙarfi. Wannan tsari ne na mintoci da sa'o'i, kuma na mai gida ɗaya. A matakin milisakan, rautocin otal ɗaya ma ƙuri'ar suke jefawa da junansu.

Abin da Wi-Fi 8 ke kawowa

An so sa haɗin kan rautoci a Wi-Fi 7, aka ga aikin ya yi yawa aka ɗage. Kwamitin 802.11bn, wanda shi ne Wi-Fi 8, ya fara aiki a Nuwamban 2023, ana kuma sa ran kammala ƙa'idar a 2028. Burin da ya ɗaukar wa kansa shi ne inganta abubuwa uku da kashi 25 cikin 100: yawan bayanan da ke isa a mawuyacin yanayi, rage dogon jinkirin da ke faɗo wa ƙunshi jifa-jifa, da rage ɓacewar saƙo, musamman lokacin da mutum ke tafiya daga wata rauta zuwa wata.

Mafi sauƙin fahimta a cikin dabarun ita ce Co-TDMA. Rautar da ta ci ƙuri'a tana samun 'yan milisakan na magana. Maimakon ta cinye duka, ko ta saki ragowar a sake kokawa a kai, sai ta tambayi maƙwabciyarta ko tana da abin gaggawa, ta yanka mata wani ɓangare ta miƙa mata kai tsaye. Ba karo, ba ƙirga. Kusa da ita akwai Co-RTWT: rauta ta keɓe wasu lokuta a jere domin saƙonnin da ba sa jure jinkiri, ta sanar da maƙwabta, su kuma su tabbatar sun gama nasu kafin lokacin ya shiga.

Wasu dabaru biyu kuma suna ba rautoci biyu damar magana lokaci guda. A Co-SR, wadda ta ci ƙuri'a tana gaya wa ɗayar iyakar ƙarfin da za ta watsa da shi ba tare da ta dami wayar da ake yi wa magana ba. Idan kowacce wayarta na kusa da ita, sai su biyun su yi aiki tare cikin ƙaramar murya. A Co-BF kuwa, rauta mai eriya da yawa tana sarrafa siginarta ta yi ƙarfi wajen wayarta, ta kuma mutu daidai inda wayar maƙwabci take. Wannan ita ce mafi ban sha'awa, ita ce kuma mafi tsada, domin sai rautar ta riƙa auna hanyar da ke tsakaninta da wayar da ba tata ba, awon yana cin lokaci, kuma da mutum ya gusa ko an buɗe ƙofar ƙarfe sai an sake.

Wa zai yarda da wa?

Masu goyon baya, wato kamfanonin ƙera na'ura da masu kula da manyan gine-gine da masana'antu, suna cewa gudu ya riga ya wadata, abin da ya rage shi ne tabbas, kuma tabbas ba ya samuwa ta hanyar ƙuri'a. A nan ina tare da su. Masu ɗari-ɗari kuma suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba.

Ta farko ita ce maslaha. A otal ko asibiti, mai rautocin ɗaya ne, in wannan ta ba waccan lokaci riba ta gida ce. A filaza kuwa, me zai sa rautata ta ba taka lokacin da ta ci da guminta? Wa zai tabbatar taka za ta rama mata? Me zai hana wani kamfani ya ƙera rautar da kullum take cewa abinta na gaggawa ne? Ƙa'ida tana iya tsara yadda za a yi maganar, amma shawarar wa za a ba da nawa za a ba shi tana hannun manhajar kowane kamfani. Ga kuma batun amana, domin haɗin kai yana nufin rautarka ta faɗa wa ta baƙo wani abu game da wayoyin da ke gidanka da lokutan da suke aiki.

Ta biyu ita ce makomar wanda ke waje. Idan rautoci biyar suka haɗa kai, duk wadda ta ci ƙuri'a ta raba da sauran, tsohuwar MiFi ɗin mai shayi da ke gefe ita kaɗai take fafatawa da ƙungiya. An taɓa yin irin wannan ja-in-ja a 2015, lokacin da Qualcomm da wasu kamfanonin layi a Amurka suka so shigar da 4G cikin zangon 5 GHz da tsarin LTE-U, Google da kamfanonin kebul suka yi ca a kansu cewa zai danne Wi-Fi. Tsarin da aka amince da shi daga baya a matakin duniya sai da aka sa masa sharaɗin sauraro kafin magana. Adalci ga tsofaffin na'urori shi ne abin da ya kamata hukumomin sadarwa irin su NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar su sa wa ido, domin a wajenmu tsofaffin ne suka fi yawa.

A fahimtata, ribar farko za ta je ne ga mai rautoci da yawa a ƙarƙashin hannu ɗaya, da kamfanin intanet da ya raba rautocinsa iri ɗaya ga dukan gidajen wani rukuni. Tsakanin baƙo da baƙo, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Abin da ke hannunmu yanzu

Kafin komai, a gano inda ciwon yake. A jona kwamfuta da rauta ta kebul a lokacin da abin ya fi tsananta. In ta kebul ma jan ƙafa yake yi, matsalar ta kamfanin layi ce. In kebul na gudu Wi-Fi na tsinkewa, to iskar ce ta cika.

Mafi yawan abin da ake son na'urori su yi a 2028, mutane za su iya yin wani ɓangarensa yau da baki. 'Yan kasuwar da suka iya haɗa kuɗin janareta da na mai gadi za su iya zama su raba tashoshi: wannan shago 1, na gefensa 6, na gaba 11, kada kowa ya zauna a 3 ko 9, domin mai zama a tsakani ɓangarori biyu yake damu. A bar faɗin tasha a MHz 20 a zangon 2.4 GHz. Duk wayar da ta iya 5 GHz a mayar da ita can. Shago mai faɗin taku shida ba ya buƙatar rauta a cikakken ƙarfi, a sauke ta zuwa matsakaici ko ƙasa, a kuma ɗaga ta sama a fili maimakon cusa ta bayan kanta ko cikin durowar ƙarfe. In saitin ya ba da dama, a kashe tsohon tsarin 802.11b, shelar suna za ta koma megabit 6 ko fiye, kason da take ci ya ragu ƙwarai. Talabijin da kwamfutar tebur da na'urar ajiyar kyamarori, duk abin da ba ya motsi, a ba shi kebul.

Masu gina filaza da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai su ne ke da babbar dama. Bututun kebul da aka binne a bango lokacin gini kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da fasa bango daga baya, kuma 'yan rautoci masu kyau a kowane bene, a ƙarƙashin kulawa ɗaya, kowane ɗan haya da nasa sunan da kalmar sirrinsa, sun fi rauta talatin da ke ihu a kan juna. Irin wannan ginin ne kuma zai iya cin moriyar Co-TDMA da 'yan'uwanta ranar da na'urorin suka iso kasuwanninmu da farashin da za a iya saya.